Laifin Usur Ne, Ba Na Kunne Ba

A gasar wasannin makarantun firamare da aka yi a yankinmu bara, akwai wani yaro ɗan aji biyar da ya tsaya a layin gudun mita 100. Kurma ne. Da aka busa usur sauran yara suka zabura, shi kuwa sai da ya ga ƙafafunsu sun ɗaga sannan ya biyo baya. Duk da wannan rata da aka ba shi, na uku ya zo. Da aka zo tsara sunayen waɗanda za su wakilci yankin a mataki na gaba, sai aka tsallake shi, wai ba a san yadda za a yi magana da shi a hanya ba. Muna wurin, muna gani, kuma babu wanda ya ce uffan a cikinmu. Wannan shirun namu ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Matsalar da ta gagare mu a filin makaranta, duniya ta warware ta tun kafin a haifi iyayenmu. A watan Agusta na 1924 aka yi gasar kurame ta duniya ta farko a birnin Faris, bisa jagorancin wani kurma Bafaranshe mai suna Eugène Rubens-Alcais. 'Yan wasa 148 daga ƙasashe tara suka fafata a guje-guje, ninkaya, tseren keke, ƙwallon ƙafa da harbi. Gasar nakasassu ta Paralympics, wadda aka fi sani, sai a 1960 aka fara ta a Rum, wato ta kurame ta girme ta da shekara 36. Tun 2001 ake kiranta Deaflympics, ana yin ta duk bayan shekara huɗu, kuma a watan Nuwamba na 2025 birnin Tokyo ya karɓi baƙuncinta.

Abin da ya kamata malami ya tsaya ya duba shi ne yadda ake gudanar da ita. Ba a rage tsawon fili ba, ba a ƙara faɗin raga ba, ba a sassauta wata doka don tausayi ba. Abu ɗaya aka sauya: duk umarnin da aka saba aikawa ta kunne, sai aka mayar da shi ta ido. Maimakon ƙarar bindigar tashi, fitila ce ke haskawa a gaban mai gudu. Alƙalin wasan ƙwallo yana kaɗa tuta. 'Yan kallo ma kan ɗaga hannuwa sama su girgiza su a madadin tafi. Kafin a karɓi ɗan wasa, sai an tabbatar ya rasa aƙalla desibel 55 na ji a kunnensa da ya fi lafiya, kuma a lokacin wasa dole kowa ya cire na'urar ƙara ji, domin kada wani ya fi wani. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A nan karin maganar ta zama dokar wasa.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta a ɗakin malamai. Za a ce albashi bai isa ba, ƙarin girma ya maƙale, rufin aji yana yoyo, ina mu ina wasan kurame? Waɗannan koke-koke gaskiya ne, kuma ba mu janye ko ɗaya ba. Amma nawa ne kuɗin jan ƙyalle da sanda? Tutar tashi ba ta kai kuɗin lemon da ake raba wa manyan baƙi a rumfa ba. Idan muka fake da talauci a kan abin da bai kai farashin kwalin alli ba, to mun ari bakin waɗanda ke ce mana babu kuɗi duk lokacin da muka nemi haƙƙinmu.

Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, kan ce a ware musu rana guda tare da guragu da makafi a yi musu "wasan nakasassu", a raba sabulu, a ɗauki hoto. Wannan sadaka ce, ba gasa ba. Kurame ba su ma cikin rukunonin Paralympics, domin jikinsu ba ya bukatar a sauya wasan. Abin da ya haɗa su harshe ne. Terence Parkin, kurma ɗan Afirka ta Kudu, ya ci lambar azurfa a ninkayar mita 200 a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, yana gogayya da masu ji. Kuramen Kenya kuwa suna komawa gida da lambobin yabo na guje-guje daga Deaflympics. Babu ɗayansu da ya faɗo daga sama. Kowannensu ya fara ne a wani fili inda wani babba ya yarda ya tsaya a layi.

Kuma kada a ce mana maganar hannu baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Kuramenmu suna da tasu tun kaka da kakanni, ana yin ta a kasuwa da tasha da zaure. Mahauci ya iya ta gwargwado, mai shayi ma haka. Abin kunya ne a ce mai takardar shaidar malanta, wanda ya zauna darasin ilimin masu bukata ta musamman a kwaleji, shi ne zai kasa ce wa yaro "shirya" da "tashi" da hannu. Tun watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa da ta haramta nuna wariya ga nakasassu. Tsallake sunan yaron nan wariya ce, ko da wanda ya yi ta bai yi da mugun nufi ba.

Saboda haka muna kira ga shugabannin wannan reshe da su sanya maganar a ajandar taro mai zuwa. A rubuta wa masu shirya gasar yanki cewa daga bana kowane tashi zai kasance da usur da tuta tare, kuma duk tawagar da ke da kurma za ta tafi da malami ko ɗan'uwansa da ya iya maganar hannu. A gayyato kurame manya na garin nan su koya wa malaman wasanni alamomin fili, a kuma biya su ladan aikinsu. Iyaye da ke karanta wannan mujalla, idan akwai kurma a gidanku, ku turo shi ranar gwaji. Yaron nan yana aji shida yanzu, bana ce damarsa ta ƙarshe a firamare, kuma muna so mu ga sunansa a takarda.