RA'AYINMU: Ina Mazaɓun Minna Na Dā?

'Yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, waɗanda da yawansu ta tashar Minna jirgin ƙasa ya bi da su ko da iyayensu sa'ad da aka gangaro Kurmi neman abinci, ya kamata su san tarihin mazaɓar wannan gari, domin kuwa abin da ya same ta ya shafi ƙuri'ar kowa.

Ran 12 ga Disamba 1959 ne mutanen Minna suka fara zaɓen wakilinsu na Majalisar Tarayya da hannunsu. Kafin nan hawa-hawa ake yi, watau ƙauye ya fid da mutum, waɗanda aka fitar su taru su tace wasu, har a kai ga 'yan kaɗan da za su naɗa wakili. A wannan zaɓe aka kasa ƙasar Minna biyu, Minna ta Arewa da Minna ta Kudu, cikin kujeru 174 da Jihar Arewa ta samu daga 312. Kowane ɗan takara da akwatinsa da alamar jam'iyyarsa a jiki: fartanya ta NPC, tauraro na NEPU, itacen kwakwa na AG. Maza kaɗai suka shiga layi. Matan Ikko da Badun sun jefa ƙuri'a a ranar, na Minna kuwa sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 aka tuna da su.

Bayan ƙidayar 1963 aka sake rabo, Arewa ta koma kujeru 167, aka yi zaɓen Disamba 1964 wanda UPGA ta ƙaurace wa. Ran 15 ga Janairu 1966 soja suka karɓi mulki, Majalisa ta watse, tsofaffin mazaɓun Minna suka tafi tare da ita. A 1967 aka haɗe Lardin Neja da na Sakkwato, a 1976 aka ba Neja jiharta, Minna ta zama hedkwata.

Da farar hula suka komo a 1979, jihar ta sami kujeru 10 cikin 449. Yau wakilin garin na mazaɓar Chanchaga ne, kewayensa kuwa Bosso da Paikoro. Ba ƙaramar kujera ba ce ta Chanchaga. Mu'azu Babangida Aliyu ya hau ta a 1983, wata uku kacal ya yi soja suka sake komowa, daga baya ya yi gwamna daga 2007 zuwa 2015. Umaru Bago ya riƙe ta daga 2011 zuwa 2023, shi ma daga nan ya wuce gidan gwamnati.

To, ga inda gizo ke saƙa. Iyakokin mazaɓu 360 da ake zaɓe a kansu, a 1996 aka shata su, zamanin Janar Abacha. Sashe na 73 na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa hukumar zaɓe nauyin sake duba su, muddin an sami shekara goma a tsakani, amma an yi ƙidayar 2006, wadda ta ba Neja mutum kusan miliyan 4, aka bar taswirar yadda take. Abin kunya ne a ce tun 1964 rabon da gwamnatin farar hula ta sake shata mazaɓun ƙasa baki ɗaya. Sauran duk aikin soja ne. Minna ta bunƙasa ta cinye gonakin Bosso, Agege da Sabon Badun sun cika sun batse, kujeru na nan inda aka bar su.

Baƙo ne ya fi kowa asara a nan. Sunansa na cikin rajistar ƙauyensu, jikinsa na kasuwar Mil 12, ranar zaɓe an hana zirga-zirga, kuɗin mota zuwa gida ya fi ƙarfinsa. Wakilin gida bai ga ƙuri'arsa ba, na inda yake biyan haraji bai san da zamansa ba. Doka ta yarda mutum ya mai da rajistarsa inda yake zaune, ta ofishin INEC na ƙaramar hukumarsa. Muna kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su riƙa sanarwa duk lokacin da aka buɗe rajista, su kuma rubuta wa 'yan Majalisar Tarayya su tambaye su ranar da za a cika umurnin Sashe na 73.