SHARHI: Tarakta Gwanjo da Aibin da Fenti Ke Rufewa a Arewacin Yobe

Duk shekara idan bazara ta yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, garejojin Nguru da Gashuwa kan cika da taraktoci manya da ƙanana, har da na hannu waɗanda ake turawa a fadama, kowace an kwance cikinta ana jiran kayan gyara. Da yawa daga cikinsu gwanjo ne da aka saya da rani, suka yi aikin mako biyu ko uku, sannan suka tsaya cik. Ga manomin Kumagannam, a Ƙaramar Hukumar Yusufari, wannan tsayawa babbar hasara ce, domin damina a wannan yanki ba ta cika wuce wata uku ba, kuma wanda ruwan shuka ya wuce shi yana jiran bakanike, to gero da waken bana sun riga sun wuce shi.

Ba son banza ke kai manomi ga gwanjo ba. Idan za a iya tunawa, kafin shirin yi wa tattalin arziki garambawul na 1986, darajar naira ba ta da nisa da ta dalar Amurka, kuma ana haɗa taraktoci a cikin gida, na Steyr a Bauchi, na Fiat a Kano. Da naira ta faɗi, har farashin gwamnati ya kai wajen naira 22 a kan dala ɗaya a tsakiyar shekarun 1990, sai sabuwar tarakta ta fi ƙarfin talaka, su kuma kamfanonin haɗawa suka yi ta ja da baya. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Saboda haka tsohon inji ne kaɗai ƙofar da ta rage ga ƙungiyar manoma ko ɗan kasuwar da ke son yin haya, kuma ba laifi ba ne a bi ta wannan ƙofa. Laifin yana ga yadda ake cinikin.

Wanda ya je sayen sa a kasuwar dabbobi ta Nguru yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a zaga da shi ya ga tafiyarsa. Amma mai sayen tarakta sau da yawa abin da yake dubawa bai wuce fenti da tayoyi ba, sai kuma ya ji injin ya tashi. Alhali aibin inji a ciki yake. Rairayi da ƙurar hunturu, idan matatar iska ta huje ko an bar ta ba wanki, sukan shiga su cinye zoben fistin da bangon silinda sannu a hankali, har inji ya rasa ƙarfi ya riƙa shan baƙin mai. Mai sayarwa marar tsoron Allah yakan zuba mai mai kauri don ya rage hayaƙi, ya ɗumama injin kafin mai saye ya iso don kada a ga wahalar tashinsa da sanyi, ya wanke wurin da ke ɗiga, wani lokaci ma a taɓa agogon da ke ƙirga awannin aiki. Famfon da ke ɗaga garma kuwa yakan yi aiki lafiya muddin mai bai yi zafi ba. Sai an shiga gona an yi awa guda garma ta fara sauka da kanta.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan matsala. A 1970 George Akerlof na Amurka ya rubuta maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Bayaninsa mai sauƙi ne. A ɗauka inji mai lafiya ya cancanci 100, mai ɓoyayyen aibi kuma 40. Tun da mai saye ba ya iya bambancewa, sai ya taya 70. Mai inji nagari ba zai sallama a haka ba, sai ya janye kayansa, kasuwa ta rage ga masu aibi. Ke nan ɓoye aibi bai tsaya ga cutar mai saye ɗaya ba, yana korar kayan kirki daga kasuwa baki ɗaya, dillali mai gaskiya ma ya rasa ciniki.

Daga nan sai hasarar gyara ta biyo. Bakanike ba shi da ma'aunin matsin silinda, don haka lalube yake yi: yau a canja nozul, gobe a kai injekta Kano a saita, jibi a gano ashe gaskit ne ya ƙone ruwan lagireto na shiga cikin mai. Kowane zagaye kuɗin mota ne da kwanaki, ga jabun kaya da ba sa kai ƙarshen damina. Idan kuma samfurin da ba a saba da shi ba ne, ƙarfe ɗaya kan ajiye inji shekara guda. Wanda ya ci bashi ya saya kuwa, bashin ba ya jiran gyara. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata.

Wannan matsala ta taɓa samun wasu, kuma sun yi maganinta. A jihar Nebraska ta Amurka, wani manomi ɗan majalisa mai suna Wilmot Crozier ya sayi taraktar da ba ta yi abin da aka ce za ta yi ba, sai ya kawo ƙudurin da ya zama doka a 1919, wadda ta wajabta a gwada kowane samfurin tarakta a jami'ar jihar kafin a sayar da shi. An fara gwajin a 1920. A Nijeriya ma akwai Cibiyar Aikin Gona da Injuna ta Ƙasa da ke Ilorin, wadda gwajin injunan noma na cikin aikinta. Sai dai tsakanin Ilorin da Kumagannam akwai nisa, kuma gwajin sabon samfuri ba ya faɗa wa manomi halin da tsohuwar Massey Ferguson ɗin da ke gabansa take ciki.

Abin da ake bukata ƙarami ne, kuma a kusa. Na farko, a samu wurin duba inji a Nguru da Gashuwa, inda za a auna matsin silinda da na mai, a tada inji da sanyin safiya, a ɗaura masa garma ya yi huɗa ta awa guda, sannan a ba da takardar sakamako. Kayan awon ba su kai kuɗin tayar baya guda ba. Shirin raya yankin hamada na arewa maso gabas, wato NEAZDP, wanda aka kafa da hedkwata a Gashuwa bisa tallafin Tarayyar Turai, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, suna iya horar da kanikawan da za su riƙe wannan aiki.

Na biyu, ƙungiyoyin dillalai su mayar da rubutacciyar yarjejeniya al'adar ciniki, a riƙe wani kaso na kuɗi a hannun amintacce har inji ya yi adadin awannin da aka amince. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Abin da ya rage shi ne hujja, takardar awo kuwa ita ce hujjar da alƙali zai iya aiki da ita.

Na uku, bankuna da hukumomin da ke ba da rancen noma su daina sakin kuɗin sayen gwanjo sai da wannan takarda, su kuma ware kason gyara a cikin rancen tun farko.

Akwai masu cewa wannan tsari zai ƙara wa gwanjo tsada. Gaskiya ne inji mai lafiya zai ƙara kuɗi, amma mai aibi zai sauko inda ya dace, manomi kuma ya san abin da ya saya. Wani ma idan ya ga lissafin a fili zai gane cewa a jigawar Kumagannam, inda ƙasa ke da sauƙin huɗa, garmar shanu ko haya ta fi masa riba, ya bar inji ga masu fadamun Nguru da Gashuwa. Muddin dai ana cinikin biri a sama, manomi ne zai ci gaba da biyan kuɗin aibin da ba shi ya jawo ba, da hatsin da bai samu shukawa ba.