Dole Ne Azzalumi Ya Ga Sakayya a Dandamali?

Akwai manazartan da ba sa gamsuwa da wasan kwaikwayo sai mugu ya girbi abin da ya shuka kafin a tashi. Wannan buƙata ragwanci ce, kuma wasan Tennessee Williams na 1947, A Streetcar Named Desire, ya isa hujja a kansu.

A birnin New Orleans na Amurka, Stanley ya mari matarsa Stella tana da juna biyu, a daren da yake caca da abokansa. Kafin gari ya waye ta koma ɗakinsa. Ranar da take asibiti kan gwiwa, ya yi wa yayarta Blanche fyaɗe. Me ya biyo baya? Stella ta ƙi gaskata 'yar'uwarta, don in ta gaskata, aure ya mutu. Aka tasa ƙeyar Blanche zuwa asibitin masu taɓin hankali, abokan Stanley kuwa suka ci gaba da raba karta. Su ne wasan ya fi tuhuma, domin shirunsu ne katangar da zaluncinsa ya jingina da ita.

Da aka mayar da wasan fim a 1951, masu tace finafinai suka matsa, aka sa Stella ta ɗauki jaririnta tana cewa ba za ta koma ba. An hukunta Stanley ke nan, wai. Mai kallo kuwa, wanda jiya ya jiyo kukan matar maƙwabcinsa ya gyara kwanciya, ya samu ƙofar fita hankali kwance.