Kasuwar salula a Nijar: gasa a birni, ƙishirwa a ƙauye

A shekarun 1990, mutumin Maradi ko Damagaram da ke son jin muryar ɗan'uwansa na Abijan, sai ya nufi gidan waya, ya biya kuɗi masu tsoka, ya zauna jiran layi. Talho a lokacin kayan ofis ne da gidajen attajirai, kuma hannu guda ke riƙe da shi, wato na gwamnati.

Daga shekara ta 2001 al'amarin ya sake. A shekarar ce Celtel ya fara aikin salula, aka kuma sayar da kashi 51 cikin ɗari na SONITEL ga ƴan kasuwar Sin da Libiya. SahelCom da Telecel suka biyo baya, sannan Orange na Faransa ya shigo a 2008. Tun daga nan sunaye ke ta juyawa: Celtel ya zama Zain, ya koma Airtel a 2010 da Indiyawa suka saye shi, Telecel ya zama Moov, wanda ya faɗa hannun Maroc Telecom a 2015. Gwamnati ta karɓe SONITEL a 2012, ta haɗe shi da SahelCom a 2016 aka sami Niger Telecom. Orange kuwa ya sayar da reshensa a 2019, daga nan Zamani ta samo asali.

Ba a musun alherin wannan gasa. Wata malamar jami'a daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na ƙasar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa inda salula ta isa, tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalili a fili yake: ɗan kasuwar Tawa ba ya ɗora buhunan gero a mota sai ya ji yadda tiya ta kwana a Birnin Ƙonni. Yau magana ta wuce ta murya. Intanet ta 4G, wadda ta shigo a 2019, ita ce fagen da kamfanonin ke fafatawa.

Sai dai inda baki ya karkata, nan yawu ke zuba. Kamfani yana kafa ƙarfen rezo ne inda jama'a suka yi yawa kuma kuɗi ke yawo. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, mafi yawansa hamada, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na mutanenta a karkara suke. Ƙarfe guda a daji yana bukatar injin wuta ko faranti mai aiki da rana, da mai, da mai gadi, alhali masu sayen kiredi kaɗan ne. Shi ya sa mazaunin Yamai ke zaɓe tsakanin kamfanoni huɗu, makiyayin Tadress kuwa ke hawa tudu yana ɗaga waya sama. Wanda ba shi da zaɓi, gasa ba ta san da shi ba. Starlink, da ya fara aiki ta tauraron ɗan'adam a 2025, yana kaiwa ko'ina, amma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin manomi.

Nan ne aikin hukuma yake. ARCEP, wadda aka ɗora wa sa ido kan kamfanonin tun 2018, ya kamata ta matsa musu su riƙa tarayya a ƙarfe guda a ƙauyuka, kowa ya rataya na'urarsa, a raba ɗawainiya. Asusun da kamfanonin ke zuba wa kuɗi don kai waya karkara kuwa, a riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shiga da garuruwan da aka yi wa aiki. Ranar da matar da ke naƙuda a ƙauyen Dakoro za ta iya kiran likita ba tare da an hau tudu ba, ranar ce za a ce kasuwar nan ta girma.