Jami'a da Fagen Dambe a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba baƙuwa ba ce ga masu bincike. A shekarar 1975 aka kafa shirin raya aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, kuma a cikin waɗancan shekaru ne likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da abokan aikinsu na Ingila suka yi zaman nazarin tsargiya da saran maciji a Malumfashi. Wato an auna gonar manomi, an kuma auna jininsa. Abin da bai sami irin wannan kulawa ba shi ne abin da manomin kan yi idan auduga ta tafi kasuwa, dawa ta shiga rumbu, wato dambe da kokawa, da langar yara a farin wata.

Ba wai ba a taɓa batun ba ne. Ɗaliban Hausa sun sha rubutu a kan waƙoƙin Ɗan Anace, musamman ta Shago. Sai dai galibi salon waƙar da kirarinta ake feɗewa, a bar fagen da ya haife ta.

Fagen nan kuwa yana da doka. Samari biyu ne, kowa da hannu ɗaya a naɗe, suna neman juna ba sani ba sabo. Amma da zarar hannun ɗaya ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa, magana ta ƙare. Ba a bin wanda ya faɗi da naushi. Sai ya tashi ya kakkaɓe jikinsa a gaban makaɗa da 'yanmatan garinsu, ya haɗiye takaici, ya jira wani karon. Wannan ba ƙaramar tarbiyya ba ce, kuma 'yan siyasa da yawa sun tsufa ba su same ta ba. Haka nan a langa, yaro kan yarda a kayar da shi domin ruwansu ya kai ga sha.

Lalle akwai abin ƙi a fagen, kamar dogaro da layu da kuma raunin da kan nakasa mutum. To, ai shi ma aikin mai bincike ne ya bayyana.

Lamarin na bukatar hanzari. An sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, kuma rashin tsaro ya sa taron dare ya yi wuya a ƙauyuka da dama wajen Faskari da Sabuwa. Shin me saurayi ke yi da ƙarfinsa a rani idan ba fage? Wa ke sasanta samarin gari biyu, aikin da a da dattawan fage kan yi? Tsofaffin 'yan dambe da mahautan da za su amsa suna ta raguwa.

Daga Samaru zuwa Funtuwa bai kai tafiyar sa'a biyu a mota ba. Ya kamata sassan Hausa su haɗa kai da masu nazarin zamantakewa, su riƙa tura masu rubuta kundin digiri can da kaka, da na'urar ɗaukar magana a hannu.