Yankari: Ya kamata kuɗin abincin baƙo ya riƙa tsayawa a ƙauyukan da ke kewaye da dajin

Duk wanda ya shirya zuwa Yankari, tambayoyi biyu ne ke fara zuwa bakinsa: shin za a ga giwa, kuma me za a ci? Amsar ta farko tana hannun daji da sa'a. Amsar ta biyu kuwa tana hannun mutane, kuma yadda hukumomi suka tsara ta zai yi tasiri a kan ko za a samu sauran giwar da za a gani nan da shekaru ashirin.

Yankari daji ne mai faɗin kusan murabba'in kilomita 2,244 a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. A 1991 ya shiga jerin gandun dajin ƙasa ƙarƙashin Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. Har yanzu shi ne gandun dajin da ya fi suna a Najeriya, saboda giwayensa da ɓauna da gwanki da dorina, da kuma ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina.

Abin da baƙo ke samu a yanzu

Mai zuwa daga birnin Bauchi yana bin hanyar Gombe ne har Dindima, a bakin kogin Gongola, sannan ya karkata kudu. Daga nan zuwa babbar ƙofa a ƙauyen Mainamaji tafiyar kusan kilomita 29 ce. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki kuma akwai wasu kilomita 42 a cikin daji, babu gari, babu kasuwa, babu mai shayi.

Wannan nisa shi ke tsara cin abinci a Yankari. Wanda ya isa Wikki ba zai fita neman tuwon dare ya dawo ba. Saboda haka hanyoyi uku ne a gabansa.

Ta farko ita ce gidan abincin da ke cikin masaukin. Shi ne madogarar wanda zai kwana biyu ko uku, musamman baƙin da suka zo daga nesa ta jirgin sama.

Ta biyu ita ce guzuri daga gida. Iyalai da yawa da ɗaliban makarantu masu zuwa ziyarar yini guda suna cika kuloli da shinkafa da soyayyen nama, su haɗa da ruwan leda da lemo, su ci a gindin bishiya bayan sun fito daga wanka.

Ta uku ita ce saye a hanya: masar Bauchi da ta yi suna a duk Arewa, kilishi da balangu, fura da nono, gyaɗa da rake, dafaffen ƙwai, da duk abin da mai talla ya miƙo ta tagar mota kafin a shiga ƙofa.

Kowace daga cikin ukun tana cika ciki. Amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: daga cikin kuɗin da baƙo ya kashe a kan abinci, nawa ne ke shiga aljihun mutumin da gonarsa ke jingine da iyakar dajin?

Wanda ke biyan kuɗin zama da giwa

Yankari ba shi da katanga. Idan amfanin gona ya nuna, giwaye kan fito su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma garke ɗaya na iya tattake masarar da iyali suka yi wa wahalar damina guda a cikin dare ɗaya. Wannan rikici tsakanin manoma da giwaye tsoho ne a yankin, kuma yana cikin matsalolin da ƙungiyar kare namun daji ta WCS ke aiki a kansu tun da ta shiga yarjejeniyar kula da dajin da gwamnatin jihar a 2014.

An hana ɗan ƙauye farauta a ciki. An hana shi kiwo. An hana shi sarar itace. Duk waɗannan hane-hane suna kan daidai, domin in babu su dajin ya ƙare. Sai dai mutumin da aka hana shi komai, kuma yana ganin motocin baƙi suna wucewa ta ƙofar gidansa suna tayar masa da ƙura ba tare da ya ga sisi ba, zai yi wuya ya kira masu gadin daji ranar da ya ga mafarauci ya ratsa da bindiga. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ayyukan gwamnati da dajin zai iya samarwa ƙayyadaddu ne. Masu gadi, direbobi, masu rakiyar baƙi da masu share ɗakuna ba za su taɓa kai yawan magidantan ƙauyukan ba. Abinci kuwa kowa yana da hannu a cikinsa. Manomin yankin yana noma masara da dawa da gero da shinkafa da wake da gyaɗa. Matan Fulani suna da nono da man shanu. Akwai kaji da ƙwai da zabi a kowane gida. Akwai masu lambu da masunta a bakin Gongola. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar takardar digiri ko jarin miliyoyi.

Idan buhun shinkafa da kwandon tumatir da kiret ɗin ƙwai duk daga kasuwar Muda Lawal ta Bauchi aka ɗauko su, ko baƙo ya taho da komai nasa daga Jos ko Kano, to kuɗin ya wuce ta kan ƙauyukan kamar hadarin da bai zubar da ruwa ba. Idan kuwa daga Mainamaji da Duguri da maƙwabtansu aka saya, kowane faranti da aka ajiye a gaban baƙo ya zama dalilin da zai sa wani gida ya so dajin ya ɗore.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ba sabon tunani ba ne. A Yuganda doka ta tanadi cewa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin shiga gandun daji ya koma ga al'ummomin da ke kewaye. Ruwanda ta fara da kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da gandun dajinta ke samu a 2005, ta ɗaga shi zuwa kashi 10 a 2017.

A arewacin Ghana, baƙin gandun dajin Mole ba a masaukin ciki kaɗai suke tsayawa ba. Suna biyawa ta Larabanga, garin da ke da tsohon masallacin nan na ƙasa, wasu kuma su je ƙauyen Mognori inda mutanen gari ke karɓar baƙi, su shiga da su kwalekwale, su ciyar da su abincin gida. Abincin ma ba baƙo ba ne ga Bahaushe: tuwon da ake ci a can sunansa tuwon zafi, shinkafa da waken da Ghana ke alfahari da shi kuma daga kalmar wake ya samo sunansa.

A Kenya an gano cewa giwa tana tsoron ƙudan zuma, aka fara kewaye gonaki da amya da aka rataya a jikin waya. Giwa na taɓa wayar sai zumar ta tashi, ita kuma ta juya. Manomi ya tsira da hatsinsa, ya kuma samu zumar sayarwa. Irin wannan zuma ba ta da kasuwar da ta fi teburin karin kumallo na Wikki, ko kwalba mai ɗauke da sunan ƙauyen da baƙo zai saya ya kai tsaraba.

Haɗarin da ke tattare da abin

Buɗe kasuwar abinci a bakin daji yana da nasa haɗari, kuma wajibi ne a faɗe shi ƙarara.

Na farko shi ne naman daji. Farautar dabbobi don sayar da namansu tana cikin manyan abubuwan da ke rage namun Yankari. Baƙon da ya biya kuɗi ya kalli gwanki da safe, sannan da yamma ya tsaya a hanya yana tambayar ko akwai banda ta naman daji, shi ne ke ba mafarauci aiki. Najeriya tana da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ɓacewa tun 1985, an kuma yi mata gyara a 2016. Duk mai sayar da abinci da za a ba izini a kusa da ƙofa, sharaɗinsa na farko ya zama wannan: ranar da aka ga naman daji a tukunyarsa, ranar izininsa ya ƙare.

Na biyu shi ne itace. Masa da tuwo da gashin nama suna cin wuta. Idan aka ƙara masu dafa abinci ba tare da an samar musu da gas ko murhu mai tsimin itace ba, to bishiyoyin bakin dajin ne za su biya kuɗin.

Na uku shi ne shara da birai. Duk wanda ya taɓa kwana a Wikki ya san gwaggon biri ba ya jin kunyar fizge leda daga hannun yaro ko shiga ɗakin da aka bari a buɗe. Mutane ne suka koya masa, ta hanyar jefa masa burodi don a ɗauki hoto da barin ragowar abinci a fili. Dabbar da ta saba da abincin mutane tana daina tsoronsu, daga nan sai cizo. Leda da robar ruwa da ake zubarwa kusa da Wikki kuma suna ƙazantar da ruwan da aka zo dominsa.

Na huɗu shi ne tsafta. Bauchi tana cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi kamari a Najeriya, kuma ɓera ne ke yaɗa shi ta hanyar fitsari da kashi a kan abincin da ba a rufe ba. Lokacin da cutar ta fi tashi, wato rani, shi ne kuma lokacin da baƙi suka fi zuwa kallon dabbobi. Baƙo ɗaya da ya kwanta asibiti saboda abin da ya ci zai iya ɓata sunan wurin fiye da yadda talla za ta iya gyarawa.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Akwai masu ganin cewa manomin ƙauye ba zai iya kawo kaya a kan lokaci kuma da inganci iri ɗaya ba, balle ga shi baƙi suna cika ne lokacin Sallah da Kirsimeti da sabuwar shekara, sannan a yi makonni wurin shiru. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Mai kula da kicin ba zai ce wa baƙo ya jira sai ranar kasuwa ba.

Amma maganin wannan sananne ne. Ba da mutum ɗaiɗai ake yin ciniki ba, da ƙungiyar gama kai ake yi, a rubuta adadi da farashi tun kafin kaka. Hatsi da wake da gyaɗa da zuma da kuka da kuɓewa busasshiya suna ajiyuwa watanni. Nono da ƙwai da kayan miya kuma firji mai amfani da sola ya ishe su. A fara da abubuwa biyar ko shida, a ƙara a hankali.

Wasu kuma na cewa baƙi daga waje ba za su ci tuwo da miyar kuka ba. Wanda ya taso daga Legas ko Turai ya zo har Alkaleri, da wuya a ce soyayyen dankalin Turawa ya zo nema, domin akwai shi a bakin titinsu. Masa da miyar taushe, dambu, kunun gyaɗa, fura da nono mai sanyi: waɗannan su ne abin da zai ɗauka a waya ya tura wa abokansa. A bar shinkafa da kaza a jerin abinci ga mai so, amma abincin Bauchi ya hau sahun gaba.

Abin da ya rage ga gwamnatin jiha

Tunda dajin yana hannun Jihar Bauchi, ba sai an jira Abuja ba. Duk yarjejeniyar da za a yi da mai gudanar da gidan abinci a Wikki, a sa mata sharaɗin sayen wani kaso na kaya daga ƙauyukan da ke iyaka da dajin, a kuma riƙa bayyana adadin kuɗin da aka kashe musu duk shekara.

A gina rumfunan abinci masu tsafta a wajen ƙofar Mainamaji, da ruwan famfo da banɗaki da wurin salla, a ba matan yankin fifiko, jami'an duba-gari su riƙa zagayawa. A keɓe wurin cin guzuri a Wikki da kwandunan shara masu murfin da biri ba zai iya buɗewa ba, a kuma ci tarar mai ciyar da dabba. A wallafa jerin abinci da farashinsa a intanet, domin mai iyali ya san lissafinsa tun kafin ya tayar da mota.

Baƙo ma yana da nasa rabon. Ya rage guzurin da zai taho da shi, ya saya a Dindima da Mainamaji, ya fita da shararsa, kada kuma ya tambayi naman daji ko da wasa.

Gwamna Bala Muhammad, wanda ya hau mulki a 2019, ɗan Duguri ne, garin da ke maƙwabtaka da dajin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ba sai an yi masa bayanin abin da giwa ke yi wa gonar masara ba. Rumfuna da firji da takardar yarjejeniya ba su kai kuɗin kilomita ɗaya na kwalta ba, kuma ana iya kammala su kafin baƙin rani mai zuwa su fara isowa.