Filin Littattafai: Kafin a Miƙa wa Yaro Gandoki

A Tungan Maje, bakin hanyar da ta tashi daga Zuba zuwa Gwagwalada, kamar dai sauran garuruwan da Hausawa suka zauna, ba a rasa samarin da kan kewaye wayar hannu bayan sallar isha'i suna sauraron littattafan yaƙi, watau labarun sadaukai da bokaye da takubban sihiri. Yawancinsu suna zaton abin sabo ne, alhali kuwa yana da kakanni, kuma kakannin sun fi jikokin ƙarko.

Na farkonsu shi ne Gandoki na Malam Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, wanda ya zama Walin Katsina. Yana cikin littattafan nan biyar da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. Abin mamaki, a watan Disamba na 1932 ne wani Ba'amurke, Robert E. Howard, ya fito da sadaukinsa Conan a mujallar Weird Tales, wanda Turawa ke ɗauka uban irin waɗannan labaru. Ashe kusan tare aka zare takubban biyu, ɗaya a Texas, ɗaya a ƙasar Hausa.

Sai dai Conan ya yi yaƙe-yaƙensa a wani zamani da ba a taɓa yi ba. Gandoki kuwa ƙafarsa guda tana cikin tarihi tsundum. Yaron Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ne na Kwantagora, wanda Turawa suka ci garinsa cikin 1901, kuma labarin ya bi ta kan faɗuwar sarakunan Arewa, har zamanin hijirar Sarkin Musulmi Attahiru wadda ta ƙare a Burmi cikin 1903. Bayan an rasa nasara a gida ne marubucin ya ɗauki jaruminsa da ɗansa Garba Gagare ya kai su gabas, inda suka shiga karawa da aljannu da arna, suna cin garuruwa. Kai, wanda ya lura zai ga abin da bindigar Bature ta hana, shi alƙalami ya rama a ƙasar aljannu.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Nagwamatsen da littafin ke kambamawa, shi ne wanda hare-harensa na kamen bayi suka tashi garuruwa masu yawa a ƙasar Gwari, kuma jikokin Gwarawa su ne maƙwabta a kasuwa da makaranta a duk faɗin yankin Abuja. Uban da zai miƙa wa ɗansa Gandoki a Tungan Maje, ya kamata ya haɗa masa da wannan bayani. Ba a ce a ɓoye littafin ba, domin Hausarsa da kirarinsa sun wuce a bar wa gara. Amma yaro ya san cewa mutanen da takobin ya sara a kashin farko ba aljannu ba ne.

Wanda ke son yaƙi da tsafi ba tare da wannan nauyi ba, sai ya nemi Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, na 1951. Gurgu ne ya miƙe ya zama sadauki, ya hau dokinsa Kwalele, ya yi wa Sarki Waldima na birnin Kib hidima. Asalinsa labarin Rashawa ne na Ilya Muromets, Waldima shi ne Vladimir, Kib kuwa Kiev, amma an ɗinka masa riga ta Hausa har ba a ganin zaren. Gajere ne, ɗan firamare ma ya iya gama shi tsakanin azahar da magariba.